Marigayin da ke ɗakin baya

Da hantsi ne, ruwan da aka wayi gari da shi ya ɗauke, rana ta leƙo amma ba ta fara zafi ba. Kofur yana zaune a bakin tagar ɗakinsa mai kallon titi, ya ɗora dungun ƙafarsa a kan matashi, yana kallon yadda motoci ke watsa wa masu tafiya a ƙasa ruwan taɓo. Tun da aka sallamo shi daga asibitin sojoji, tagar nan ita ce wurin aikinsa. Ƙafarsa ta hagu ta tsaya a gwiwa, wuta kuma ta cinye masa gefen fuska tun daga kunne har haɓa. Amma dai yana ci, yana sha, yana tsokanar masu wucewa, da yamma kuma 'yarsa takan hau gefen gadonsa ta yi aikin makaranta yana gyara mata. Uwar yarinyar ta daɗe da rasuwa. A layin ba mai kiran yarinyar da sunanta, 'Yar Soja ake ce mata.

Yayansa ne ya turo ƙofa ya shigo yana dariya har da riƙe ciki. Shi yayan nan shi ne shugaban ƙungiyar kishin ƙasa ta unguwar, shi ya sa kowa ke ce masa Ciyaman, har uwar da ta haife shi. A lokacin suna shirin wani babban taro na nuna goyon baya ga sojoji da kiran samari su shiga kaki, don yaƙin ya yi tsawo, samari kuma sun fara ja da baya. Ciyaman ya ɗauki hoton Kofur na ranar da ya gama horo, wanda yake tsaye cikin kaki, hula a karkace, tuta a bayansa, fuska sumul, ya kai wa mai buga fosta ya ce a yi ƙato a kafa a bakin titi.

To shi mai buga fostan, tun da aka fara yaƙin nan ba a taɓa kawo masa hoton soja ba sai na wanda aka rasa. Har ya tanadi tsari guda a kwamfutarsa, tuta a gefe, furanni a ƙasa, a sama an rubuta Marigayi da manyan baƙaƙe. Hoto da suna kawai yake sauyawa. Bai tambayi kowa ba, ya saka hoton Kofur a gurbin ya buga, yaransa suka zo da sassafe suka ɗaure shi tsakanin turakun lantarki biyu da ke gaban gidan.

Kofur ya zura kai ta taga ya karkace wuya, sai kuwa ya ga kansa a sama yana murmushi, da furanni a ƙarƙashin ƙirjinsa. Shi ma ya yi dariya. Ya ce a gaya wa mai fostan bai kyauta ba, da ya sanar da shi da wuri ai da ya bar wasiyya. Inna, mahaifiyarsu, ita ce ba ta yi dariya ba. Ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu ta ce wannan mugun fata ne, a sauke shi yanzun nan. Ciyaman ya ce yana gama shan shayi zai sa a sauke.

Bai gama shan shayin ba motoci suka tsaya a ƙofar gida. Babban jami'in da ke riƙe da yankin ne, wanda ake kira Mai Girma, ya fito duba filin da za a yi taron, idonsa ya faɗa kan fostar. Ya shigo falo da mutanensa, da mai ɗaukar hoto a bayansu. Ɗakin Kofur ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da falon, duk abin da aka faɗa a kunnensa aka faɗa. Mai Girma ya kama hannun Ciyaman da hannu biyu, ya ce bai san gidan nan ya ba ƙasa jini ba. Ya ce irin wannan gida ake nema, gidan da ƙane ya kwanta dama a bakin daga, wa kuma ya miƙe yana tara wa ƙasa samari. Ya ce taron nan a ƙofar gidan nan za a yi shi, ba a fili ba, kuma shi da kansa zai zo.

Kofur ya lalubo sandunansa yana jiran ya ji yayansa ya yi dariya ya warware zancen, shi kuma ya fito a gaisa. Can sai ya ji muryar Ciyaman ƙasa-ƙasa.

"Mun gode, ranka ya daɗe. Haka Allah ya so."

Aka ɗaga hannu aka yi wa marigayi addu'a. Kofur yana zaune a bakin gado da sanda ɗaya a hannu, ya ji ana roƙa masa rahama da sanyin kabari.

Da baƙin suka tafi, Ciyaman ya shigo yana share gumi. Ya ce abin ne ya zo masa ba shiri, ga kyamara a kansa, ina zai iya kunyata babban mutum a gaban yaransa. Ya ce ai ba shi ya rubuta ba, kuma bai buɗe baki ya ce ƙanensa ya mutu ba, godiya kawai ya yi. Sati guda ne, a gama taro, sai a ce kuskuren mai buga fosta ne, kowa ya yi dariya a wuce wurin. Abu ɗaya dai yake roƙo, Kofur ya ɗan koma ɗakin baya kafin lokacin, saboda tagar nan ta yi kusa da titi.

Ɗakin baya kusa da banɗaki yake, nan ake ajiye tsofaffin kujeru da injin wuta da ya lalace. Tagarsa ƙarama ce, can sama, ba abin da take kallo sai katangar maƙwabta. Matar Ciyaman, wadda yaran gidan ke kira Anti, ita ta sa aka share aka shimfiɗa katifa a ƙasa, don gadon ya ƙi shiga ta ƙofar. Mai ƙafa ɗaya kuwa tashi daga ƙasa aiki ne. Kofur ya faɗa musu haka, aka ce ai na ɗan lokaci ne.

Kashegari Anti ta zo ta buɗe akwatinsa ta ɗauki kakinsa da hularsa da lambar yabon da aka maƙala masa a gadon asibiti. Aka wanke kakin aka goge shi har ya yi ƙyalli, aka rataye a bangon falo a cikin gilashi, hular a sama, lambar a ƙirji, tuta ta sauko ta gefe. Tsohon ɗakinsa aka zuba kujeru ya zama wurin karɓar baƙi. Baƙin kuwa ba su yanke ba. 'Yan ƙungiyoyi, malaman makaranta da ɗalibansu a jere, matan manya, masu ɗaukar labari, kowa sai ya tsaya gaban gilashin ya sunkuyar da kai. Wasu har sara wa kakin suke yi.

Mutanen layin dai sun san gaskiya, ai da idonsu suka ga ranar da aka sauko da Kofur daga mota. Ciyaman ya bi su gida-gida ya yi musu bayani. Bayan kwana kaɗan sai ga ma'aikata sun zo sun yashe kwatar da ta shekara tana ambaliya, aka sa fitilu a turakun, aka kafa allo a bakin layin an rubuta Layin Jarumi. Daga nan duk wanda ka taɓa da zancen sai ya ce harkar cikin gida ce, shi ba ya shiga tsakanin wa da ƙane. Mai shagon da ke kallon gidan, wanda kullum sai sun yi musun ƙwallo da Kofur ta taga, ya ce shi dai bai ce ya mutu ba, bai kuma ce yana nan ba.

Da farko Kofur da wasa ya ɗauki abin. In Inna ta makara da abinci sai ya buga ƙofa da sanda ya ce gawa fa tana jin yunwa. Inna ta ce ya daina, ba kyau. Ya ce to ita ta gaya wa masu rataye shi a titi mana. Sai ta ajiye kwano ta ce rubutu ba ya kashe mutum, kwanan kowa a hannun Allah yake, ya yi haƙuri da yayansa, shi ne ke riƙe da gidan. Ta faɗi haka ba tare da ta kalle shi ba.

Rannan yana sauraren labarai a rediyonsa wata baƙuwa da ta zo banɗaki ta tambayi wa ke ɗakin nan. Anti ta ce wani ɗan'uwan mijinta ne marar lafiya, ba ya son mutane. Da yamma aka ɗauke rediyon. Tarinsa kuma ba a iya ɗauke shi, shi ya sa aka kawo kafinta ya sa wa ƙofar sakata ta waje, in baƙi sun shigo a tura ta, in sun fita a zare. Wani lokaci baƙin su tafi a manta ba a zare ba sai an zo kawo abinci.

Sati ya cika ba a yi taro ba. Aka ce wani wanda ya fi Mai Girma girma ne ya nuna sha'awar zuwa, dole a jira lokacin da ya samu sarari. Ranar da Kofur ke komawa asibiti wankin ciwo ta zo ta wuce. Ciyaman ya ce yanzu ƙofar gidan ba ta rabuwa da mutane, ta ina za a fitar da shi. Ya ce zai turo mai kemis ya duba shi a gida. Mai kemis ya zo sau ɗaya ya naɗe dungun da bandeji, bai sake dawowa ba. Inna ce ta koma wanke masa da ruwan ɗumi da gishiri. Wurin ɗinkin ya kumbura ya fara ruwa, ɗakin ya ɗauki wari, Anti ta sa aka riƙa kunna turare a bakin ƙofar saboda baƙi.

Ita 'Yar Soja an mayar da ita ɗakin Anti da kwana. Da farko takan saci jiki ta zo in ta dawo daga makaranta, ta zauna a bakin katifar tana wasa da igiyar jakarta. Wata rana ta ɗago ta dube shi.

"Baba, Anti ta ce in an tambaye ni in ce ka rasu. Ƙarya ce ko ba ƙarya ba ce?"

Kofur ya daɗe yana kallonta. Ya san in ya ce ƙarya ce, gobe za ta faɗa a aji, kuma ya san hannun Anti. Ya miƙa mata hannunsa ya ce ta taɓa. Ta taɓa. Ya tambaye ta da ɗumi ko babu, ta ce da ɗumi. Ya ce to ta riƙe wannan a ranta, a waje kuma ta yi yadda aka ce mata, kada a dake ta.

A makaranta kuwa sai aka mayar da ita kujerar gaba. Shugaban makaranta ya sa kullum da safe ita ke jan igiyar tuta, sauran yara suna tsaye suna taken ƙasa. Matan ƙungiya suka kawo mata takalma da jaka sabuwa. Yarinya ce, abin ya yi mata daɗi, ba kuma za a ga laifinta ba. Zuwanta ɗakin baya ya ragu. In ta zo ma a bakin ƙofa take tsayawa, don warin ya fara damunta, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba.

Sai aka fara koya mata jawabin da za ta yi ranar taro. A tsakar gida ake yi, bayan la'asar, daidai saitin ɗakinsa. Muryarta ƙarama tana cewa babanta ya ba da ransa domin tutar nan, ita ba ta kuka, tana kira ga yayyenta samari su tashi su ɗauki bindigar da ta faɗi daga hannunsa. Anti ta ce ta sake, in ta zo wurin ransa ta ɗan tsaya, ta sunkuyar da kai, sannan ta ci gaba. Yarinyar ta sake. Anti ta ce yawwa, haka, amma ta bar muryar ta ɗan yi rawa.

Ranar ne Kofur ya aika Inna ta kira masa yayansa. Ciyaman ya zo sanye da rigar ƙungiya mai launin tuta, ya tsaya a tsaye don ba wurin zama, ya ɗan toshe hanci da bayan hannu kamar mai susa.

"Yaya, rayayye ne bai ishe ku ba?" in ji Kofur. "Ka fitar da ni ranar taron. Ka ce kuskure aka yi, ga ni. Zan sa kakin, zan yi musu magana."

Ciyaman ya girgiza kai a hankali, irin na mai lallashin yaro.

"Kofur, kai soja ne, ka fi ni sanin abin nan. Yaro ya ga hoton can, jininsa zai motsa ya je ya ba da sunansa. Yaro ya gan ka a haka, uwarsa a ƙafar gado za ta ɗaure shi. To wa zai tsare ƙasar? Yanzu ma aiki kake yi mata, daga kwance."

"Ka bar su su gan ni. Wanda zai je ya je da idonsa a buɗe. Ni da an nuna mini irina kafin in shiga, da na shiga duk da haka."

Ciyaman ya ce ba kowa ke da zuciyarsa ba. Ya ce kuma abin ya riga ya yi nisa, an buga a jarida, an sa wa layi suna, in gaskiya ta fito yanzu ba shi kaɗai zai ji kunya ba, har Inna sai an nuna ta da baki, 'Yar Soja kuma a kore ta daga kujerar gaba yara su riƙa yi mata waƙa. Ya tambaye shi ko abin da yake so wa 'yarsa ke nan. Kofur ya kawar da kai. Ciyaman ya dafa kafaɗarsa ya ce ya san zai gane, ya fita, ya tura sakata ko da yake ba baƙo a gidan.

Ana gobe taro, Kofur ya ji Anti da Inna suna magana a wurin wanke-wanke. Anti ta ce an gama shiri, da an watse za a samu mota mai rufi a kai shi wurin wasu danginta a can nesa, wurin da ba wanda ya san shi, ya huta, iska ma ta fi kyau a can. Yarinya kuma ta zauna a nan saboda karatu. Inna ta tambaya yaushe zai dawo. Anti ta ce a bari dai ƙura ta lafa. Daga nan sai ƙarar kwanuka.

Da safe lasifika ta fara tun kafin rana ta ɗaga. Ana jin ganguna da ƙaho na 'yan fareti, da jan kujeru, da muryar mai gabatarwa yana gwada na'ura. Inna ta kawo masa shayi da burodi ta ajiye, ta tsaya kamar za ta yi magana, sai ta gyara mayafi ta fita. Kofur ya kasa kunne. Bai ji ƙarar sakata ba. Ko mantuwa ta yi ko da gangan ne, ita kaɗai ta sani.

Ya ja jiki ya dafa injin wutar nan ya miƙe. Zazzaɓi ya kwana a jikinsa, ɗakin ya juya masa, ya tsaya har ya daidaita. Rigar da ke jikinsa tsohuwar singileti ce da gajeren wando, sauran kayansa suna akwatin da aka bari a gaba. Gemu ya cika gefen fuskarsa mai lafiya, ɗaya gefen kuwa gashi ba ya fita. Tsakar gida ba kowa, duk an fita kallo. Ƙofar falo cike take da manyan baƙi, don haka ya bi ta ƙofar baya, ya shiga lungun da ake zubar da shara, ya zagaya a hankali, yana dogara sanduna yana hutawa a jikin katanga, har ya ɓullo bakin titi ta bayan taron.

Bai taɓa ganin layinsu haka ba. Rumfuna sun rufe titin, tutoci ƙanana a hannun kowa, yara an shafa musu launin tuta a kumatu. An fito da gilashin kakinsa an jingine a kan dandamali, sojan gona biyu daga 'yan ƙungiya sun tsaya ƙiƙam a gefensa. A gefe guda samari sun yi dogon layi a gaban wani tebur suna ba da sunayensu, wasunsu ko gemu ba su fara ba. Sama da kowa kuma ga shi nan a fosta yana murmushi.

Ya kutsa ta gefen kujeru. Mutane suna matsawa da kansu, wasu saboda sandunan, wasu saboda warin. Ya kusa igiyar da aka kewaye manyan baƙi da ita sai wasu samari biyu masu tsaron taro suka tare shi. Ba 'yan unguwar ba ne, an ɗauko su ne daga wani reshen ƙungiyar, sun sa riguna masu dabbare-dabbare irin na soja da aka saya a kasuwa. Ɗaya ya ce masa ba yau ake bara ba, ya dawo in an tashi. Kofur ya ɗaga sanda ya nuna fostar ya ce shi ne wancan. Suka ɗaga kai suka kalli hoton, suka kalle shi, ɗaya ya ƙyalƙyale da dariya ya ce shi ma shi ne shugaban ƙasa. Ɗayan bai yi dariya ba, ya ce ya kiyayi bakinsa, mutumin da ya mutu don irinsa su kwana lafiya ba abin wasa ba ne.

Kofur ya ɗaga murya ya faɗi lambarsa ta soja da sunan rundunarsa, ya ce a kira masa Ciyaman. Hayaniyar ta sa na kusa suka waiwayo. Mai shago yana nan a jere na biyu da tuta a hannu, suka haɗa ido, sai ya sunkuya yana gyara igiyar takalminsa. Limamin layin ya juya yana magana da na kusa da shi. Ciyaman ya sauko daga dandamali da sauri, murmushinsa bai bar fuskarsa ba saboda Mai Girma yana kallo. Ya zo ya tsaya gab da ƙanensa, har suna jin numfashin juna.

"Yaya," in ji Kofur.

Ciyaman ya kalle shi, ya kalli samarin.

"Bawan Allah, ka yi haƙuri, yau taro muke yi. Ku kai shi inuwa ku ba shi ruwa, kada wanda ya taɓa lafiyarsa."

Ya juya ya koma. A daidai lokacin mai gabatarwa ya kira marainiyar jarumi. Anti ta hau da 'Yar Soja kan dandamali, an ɗinka mata riga da launin tuta, an ɗora mata hular ubanta, ta yi mata yawa har tana rufe mata gira. Aka sauko mata da abin magana daidai bakinta. Daga can sama ta hango uban nata, ana riƙe da shi ta hammata. Hannunta ya ɗan ɗago daga jikin rigar. Ta waiwaya ta kalli Anti. Sannan ta mayar da hannun, ta fara. Da ta zo wurin ransa ta tsaya, ta sunkuyar da kai, muryarta ta yi rawa, kuma ba wanda zai iya cewa koyarwar ce ko ba ita ba ce. Mata suka fara share hawaye. Layin samarin ya ƙara tsawo.

Masu tsaron nan suka juya Kofur suka raka shi bayan taro. Ba su dake shi ba, turawa ɗaya ce kawai da za su sake shi, irin ta a tafi can. Robar gindin sandarsa ta dama ta daɗe da cinyewa, ƙarfen ya zame a kan jiƙaƙƙen siminti, ya faɗi a kan dungun. Ya daɗe a ƙasa bakinsa a buɗe, ƙara ba ta fita. Bandejin ya jiƙe da jini. A lokacin aka tashi taken ƙasa, kowa ya miƙe tsaye ya dafe ƙirji, ba wanda ya kyautu ya motsa sai an gama.

Haka aka yi. Gidan da ya iya wanke kaki ya goge, ya saya masa gilashi, ya kasa samun mota ta kai mai kakin asibiti. Layin da ya karɓi sunansa ya rataya a allo ya kasa buɗe baki ya kira shi da sunan. Samarin da suka ba da sunayensu a ranar suna da gaskiyarsu, ƙasarsu suke so, kuma da zuciya ɗaya suka tsaya a layin. Sai dai an nuna musu hoton, an ɓoye musu mutumin, alhali yana kwance taku kaɗan daga inda suke tsaye.

Ya ja jiki ya jingina da wata bishiya a ƙarshen titin, kusa da rumfar wani mai faci. Mai facin tsoho ne, baƙo a wurin, taron ne ya kore shi daga inda ya saba zama ya dawo nan da kayansa. Bai tambayi Kofur ko shi wane ne ba. Ya ajiye tayar da yake dubawa, ya ɗauki sandar da ta zame ya juya gindinta ya duba. Ya jawo wani tsohon tub na taya, ya yanko zare mai faɗi da almakashi, ya naɗe gindin ƙarfen da shi, ya ja sosai, ya ɗaure. Ya doka ta a ƙasa sau biyu ya ga ta kama. Ya duba ɗayar ma, ita ma ya naɗe ta. Sannan ya jingine su a jikin bishiyar, daidai inda hannun Kofur zai kai.

Kofur bai kalle shi ba. Idonsa yana can kan dandamali, inda ake ɗaga 'yarsa sama ana tafi. Mai facin ya goge hannu a wandonsa, ya koma ya tsoma tayarsa cikin ruwa yana neman inda take yoyo.